An ba su lambar yabo, an ce kada su maƙala: yadda 'yan mazan jiyan Birtaniya suka yi dambarwar shekara biyar a kan lambar Malesiya

Idan wata ƙasa ta ce wa tsohon soja "mun gode", ta miƙa masa lambar yabo saboda ya taɓa sa ransa a kasada dominta, wane ne ke da ikon ce masa ya karɓa amma kada ya maƙala a ƙirji? Tambayar kamar ta wasa ce. Amma ita ce ta hana dubban 'yan mazan jiyan Birtaniya sukuni daga 2006 zuwa 2011, ta kai gaban majalisun ƙasar biyu, har sai da Sarauniya Elizabeth ta biyu ta sa hannu a kan maganar karo na biyu.

Duk lokacin da aka ga hotunan tsofaffin sojoji a fareti, ƙirjinsu cike da lambobi, mutane da yawa na ɗauka cewa kowa abin da aka ba shi yake ratayawa. Ba haka ba ne. Kowace lamba tana da izini a bayanta, tana da gurbin da take zama a jeri, kuma wadda ta fito daga wata ƙasa tana da nata shingen da sai ta tsallake. Labarin lambar da ake kira Pingat Jasa Malaysia shi ya fi fito da wannan tsari fili, da amfaninsa da kuma inda ya koma abin dariya.

Wace lamba ce, kuma su wa aka yi wa ita?

A harshen Malay, sunan yana nufin lambar hidima ga Malesiya. Sarkin ƙasar da gwamnatinsa ne suka ƙirƙiro ta a 2004 domin sojojin ƙasashen Kwamanwel da suka yi aiki a can bayan samun 'yancin kai. A fuskarta akwai tambarin ƙasar, a bayanta taswira da haruffa uku na sunan, sannan ƙyallen da ake rataye ta da shi yana ɗauke da ruwan ɗorawa da shuɗi da ja, launukan da ke jikin tutarsu. Babban sharaɗin samunta shi ne mutum ya yi kwana 90 yana aiki a ƙasar tsakanin 31 ga Agusta 1957, ranar da Malaya, wadda daga baya ta zama ɓangaren tarayyar Malesiya, ta sami 'yanci, da shekarar 1966.

Waɗannan shekaru sun haɗa yaƙe-yaƙe biyu. Na farko shi ne wanda Turawa suka yi wa laƙabi da dokar-ta-ɓaci ta Malaya, daga 1948 zuwa 1960, inda aka fafata a cikin surƙuƙin daji da mayaƙan jam'iyyar Kwaminis ƙarƙashin Chin Peng. Na biyu shi ne takun-saƙar da shugaban Indonesiya, Sukarno, ya tayar saboda adawarsa da kafa tarayyar Malesiya a 1963. Galibin wannan an yi shi ne a tsibirin Borneo, a kan iyakar da babu hanyar mota, sai jirgi mai saukar ungulu da kwale-kwale da ƙafa. An sasanta a watan Agustan 1966.

A duka biyun, Malesiya ba ita kaɗai ta tsaya ba. Akwai sojojin Birtaniya, da Gurka 'yan ƙasar Nepal da ke cikin rundunar Birtaniya, da na Ostireliya, da na New Zealand. A barikin Terendak da ke kusa da Malaka, bataliyoyin ƙasashen uku a birged ɗaya suke, suna shan ruwan sama ɗaya, sauro ɗaya ke cizonsu. A riƙe wannan, don nan ne gizo ke saƙar.

Karɓa daban, maƙalawa daban

Ostireliya da New Zealand ba su ɓata lokaci ba. A cikin 2005 duk sun amince 'yan mazan jiyansu su karɓi lambar su kuma sa ta a duk inda ake sa lambobi. A Birtaniya kuwa, sai da aka kai ƙarshen Janairun 2006 kafin ƙaramin minista a ma'aikatar harkokin waje, Ian Pearson, ya sanar da majalisa hukuncin da aka yanke: waɗanda suka cancanta, kimanin mutum dubu 35, za su iya karɓa, amma ba a ba su izinin sawa ba.

Wato a ba ka riga a ce ka ninke ka sa a akwati. Jami'an ofishin jakadancin Malesiya suka riƙa zagaya garuruwan Birtaniya suna shirya bukukuwa, suna miƙa wa tsofaffi lambar hannu da hannu, ana tafi ana ɗaukar hoto. Ranar tunawa da mazan jiya kuma, a watan Nuwamba, a hukumance lambar nan ba ta da gurbi a ƙirjinsu.

Abin da ya fi ƙona musu rai shi ne Sarauniyar da ta amince wa ɗan Ostireliya ya sa, ita ce dai ta hana ɗan Ingila. Ba wai tana da baki biyu ba ne. A kowace ƙasa tana bin shawarar gwamnatin wannan ƙasar, kuma Ostireliya tun 1975 ta kafa nata tsarin lambobin girma. Ta fuskar doka babu tufka da warwara. Amma je ka bayyana wa tsohon da ya kwana a rami ɗaya da abokinsa ɗan Ostireliya, ka ga ko zai saurare ka.

Me ya sa sai da izini tun farko?

A nan ya kamata mu yi wa gwamnati adalci, domin ƙa'idar ba ƙirƙirar jiya ba ce, kuma ba ta rasa hujja ba. A tsarin Birtaniya, sarki ko sarauniya shi ne tushen duk wata girmamawa ta hukuma. Ba a yarda wani mai mulki daga waje ya ɗora wa talakan Ingila alamarsa ba tare da yardar mai ƙasa ba. Tun zamanin Elizabeth ta farko ake wannan kishi. A 1595 Sarki Rudolf na biyu na daular Rum ta Jamusawa ya ba wani Baturen Ingila, Thomas Arundell, sarauta saboda bajintar da ya nuna a yaƙi da Turkawa a ƙasar Hungary. Da ya dawo gida yana taƙama, kurkuku ta jefa shi. Masu tarihi sun ruwaito cewa ta kwatanta abin da makiyayi da garkensa: ba ta son a yi wa tumakinta shaidar wani, ko su riƙa bin fiton baƙon makiyayi.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Hakimi ko wani mai riƙe da sarauta a masarauta ba zai tashi kawai ya je wata fada a naɗa masa rawani ba tare da ya sanar da sarkinsa ba. Ko da babu laifi a cikin naɗin, tambayar da za ta biyo baya ita ce: gobe idan sarakunan biyu suka saɓa, ina za ka karkata? Kyauta tana jawo tukwici, kuma wanda ya girmama ka ya ɗaure ka da wata igiya ko da siririya ce. Amurka ma da ba ta da sarki ta sa wannan tsoro a kundin tsarin mulkinta, inda ta hana duk mai riƙe da muƙamin gwamnati karɓar kyauta ko muƙami ko laƙabi daga wata ƙasa sai da yardar majalisa.

A Birtaniya a wancan lokaci, wanda ke ba Sarauniya shawara a kan wannan wani kwamiti ne na manyan ma'aikata, daga fadarta da ma'aikatar tsaro da ta harkokin waje da ofishin majalisar ministoci. A taƙaice ana kiransa kwamitin HD. Ba zaɓaɓɓu ba ne, kuma ba a fili suke zama ba. Ƙa'idoji biyu suka dogara da su a maganar Malesiya.

Ta farko ita ce ƙa'idar shekara biyar: ba a duba batun lamba a kan abin da ya wuce shekara biyar da faruwa. Hujjarta ita ce waɗanda suka ga abin da idonsu, suke da takardu a hannu, su ne suka fi dacewa su yanke wa ya cancanta. Idan aka bar ƙofar a buɗe, kowace gwamnati za ta riƙa tono tsofaffin yaƙe-yaƙe tana raba lambobi don neman ƙuri'a.

Ta biyu ita ce hana lamba biyu a kan aiki ɗaya. Idan ƙasarka ta riga ta ba ka lamba a kan wani yaƙi, ba za ka ƙara ta wata ƙasa a kansa ba. Sojojin Birtaniya suna alfahari da cewa lambobinsu kaɗan ne amma kowace da nauyinta, har sukan yi wa takwarorinsu na wasu ƙasashe ba'a a kan ƙirjin da ya cika kamar teburin mai koli. Wannan ƙa'ida ce ta sa bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991, aka bar sojojin Birtaniya su karɓi lambobin da Saudiyya da Kuwait suka bayar a matsayin abin ajiya kawai, alhali sojojin Amurka suna sa nasu.

Inda hujjar ta fara yoyo

Kwamitin ya ce ya yi rangwame, tunda bisa ƙa'ida ko karɓar ma bai kamata a yi ba. A ganina wannan rangwamen shi ne kuskuren da ya fi girma. Da an ƙi gaba ɗaya, da an yi fushi na ɗan lokaci, Malesiya ta ji ba daɗi, a wuce. Da an amince gaba ɗaya, da babu wanda zai ƙara tuna maganar. Amma ka ɗage ƙa'idoji biyu don a karɓa, sannan ka dawo da su don kada a sa, ka riga ka nuna cewa ƙa'idar tana lanƙwasuwa, kai ne kawai ka zaɓi inda za ta tsaya.

'Yan mazan jiyan suka haɗu a wata ƙungiyar fafutuka mai suna Fight4thePJM, suka shiga tonon takardu. Abin da suka fito da shi ya yi wa gwamnati wuyar amsawa. Lambar da Malta ta yi a 1992 don cika shekara hamsin da karrama tsibirin saboda juriyarsa a Yaƙin Duniya na Biyu, an ba da izinin sa ta. Lambar da Tarayyar Sobiyet ta yi don cika shekara 40 da ƙarshen wannan yaƙin, ita ma daga baya an amince a sa ta, a tsakiyar shekarun 1990. Ita kanta Birtaniya a 2003 ta ba da shaidar yabo ga waɗanda suka yi aiki a yankin mashigin Suez tsakanin 1951 da 1954, bayan rabin ƙarni. To ina ƙa'idar shekara biyar ta shiga a waɗannan lokutan?

Maganar lamba biyu ma ba ta hau kan kowa ba. Shaidar da Birtaniya ke bayarwa ta aikin Malaya ta tsaya ne a ƙarshen Yulin 1960. Ta Borneo ta fara a Disambar 1962, ta zirin Malaya kuma sai Agustan 1964. Ke nan sojan da ya yi zamansa a zirin Malaya a 1961 ko 1962, yana sintiri a kusa da iyakar Tailan inda ragowar 'yan tawaye suka ɓuya, ba shi da ko ɗaya daga ƙasarsa. Lambar Malesiya ita kaɗai ce shaidarsa, kuma ita aka ce ya ɓoye don kada ya yi biyu.

Sun kuma zaƙulo wata sanarwa da aka buga a jaridar gwamnati ta London Gazette a 1968, wadda a fahimtarsu ta ba duk wanda ba ya cikin aikin gwamnati damar sa lambar ƙasar waje da aka amince ya karɓa. Jami'ai suka ce sanarwar ba ta shafi lambar da aka bayar saboda aikin da mutum ya yi lokacin yana sanye da kaki ba. Aka yi ta musayar wasiƙu a kan fassarar 'yan layuka kaɗan.

To, da sun sa, kama su za a yi?

Wannan shi ne wurin da aka fi yi wa labarin mummunar fahimta. Babu ɗan sandan da zai tare tsoho a bakin coci ya ce ya cire lamba. Mutanen nan fararen hula ne, sun daɗe da ajiye kaki, dokar bariki ba ta kansu. Abin da doka ke hukuntawa shi ne mutum ya rataya lambar da bai samu ba don ya damfari jama'a, su kuwa tasu ce halak malak. Da yawa sun riƙa sa ta a fareti ba tare da kowa ya ce musu uffan ba.

Sai mutum ya ce, to mene ne abin faɗa? Amsar tana cikin halin soja. Mutumin da aka horar tun yana ɗan shekara goma sha takwas cewa umarnin na gaba ba a yi masa gardama, wanda ya yi rantsuwar biyayya ga Sarauniya, ba ya jin daɗin sa abin da aka ce ba ta yarda ba, ko da babu hukunci. Wasu sun sa suna ƙunƙuni, wasu sun ƙi sawa suna ƙunƙuni. Dukkansu abu ɗaya suke nema, a ce musu a hukumance aikin da suka yi a dajin nan ya kai a nuna shi a bainar jama'a. Lambar ba ta zuwa da ko kwabo, ba ta ƙara fansho, ba ta ba da gadon asibiti. Gwamnatin Birtaniya ma ba ita ke biyan kuɗin ƙera ta ba. Faɗan da babu kuɗi a cikinsa wani lokaci ya fi wuyar kashewa, don babu abin da za a raba biyu kowa ya ɗauki rabi.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Ba duk tsofaffin sojoji ne suka goyi bayan fafutukar ba. Wasu na ganin lambobin tunawa da ake rabawa bayan shekara arba'in suna rage darajar waɗanda aka samu a ƙarƙashin ruwan harsashi, kuma kwana 90 a ofis a Singafo ba daidai yake da kwana 90 a dajin Sarawak da ke Borneo ba, alhali lamba ɗaya ce. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai matsala ce da ta shafi kusan kowace lambar yaƙi, har da na Birtaniya kanta, waɗanda ake bayarwa bisa kwanaki da yanki ba bisa yawan harsashin da ya wuce kan mutum ba.

Yadda aka kashe wutar

'Yan majalisa da yawa sun yi ta kawo maganar shekara bayan shekara, ana ba su amsa iri ɗaya: wannan hurumin Sarauniya ne da kwamitinta, ba na majalisa ba. Abin ya canza ne a 2011 lokacin da ake muhawara a kan dokar rundunonin soja, wadda dole ne a sabunta ta duk bayan shekara biyar. Lord Craig na Radley, tsohon babban hafsan hafsoshin ƙasar, ya shigar da gyara a majalisar dattawa wanda zai ba da damar sa lambobin da ƙasashen Kwamanwel suka bayar. Dattawa suka goyi bayansa, majalisar wakilai ta mayar da gyaran. Gwamnati ta ga dokar da take buƙata cikin gaggawa za ta maƙale, kuma idan gyaran ya wuce, majalisa ta shiga gonar da ake cewa ta fada ce. Sai ta zaɓi ta sadaukar da ƙaramin don ta tsira da babban. A ƙarshen Oktoba aka sanar cewa za a shawarci Sarauniya ta ba da izini, ita kuma ta amince a fara sa lambar daga 11 ga Nuwamba 2011.

A lura, ba hujja ce ta yi nasara ba, domin hujjojin suna nan tun 2006. Matsin lamba ne ya samu daidai gaɓar da gwamnati ba za ta iya jurewa ba.

Tsugune kuma ba ta ƙare ba. A 2012 Rasha ta nemi ba wa tsofaffin sojojin ruwa da suka yi rakiyar jiragen kaya ta tekun ƙanƙara zuwa tashoshin Murmansk da Arkhangelsk a Yaƙin Duniya na Biyu lambar Ushakov. Fiye da mutum dubu uku ne suka mutu a wannan hanya. London ta fara ƙi, da hujjojin nan dai guda biyu. A shekarar ne Sir John Holmes, wani tsohon jakadan Birtaniya, ya yi bitar tsarin lambobin soja bisa umarnin Firaminista David Cameron, kuma kafin shekarar ta ƙare aka sanar da sabuwar lamba ta Birtaniya domin waɗannan mutane, kusan shekara saba'in bayan yaƙin. A 2013 aka amince da ta Rasha ma. Da Faransa ta ce a 2014 za ta ba duk waɗanda suka rage daga mayaƙan da suka 'yanto ta babbar lambar girmanta, ba a tsaya jan rai ba. Ƙa'idojin biyu suna nan a rubuce har yanzu, amma kowa ya ga cewa ana iya tsallake su.

Me ya shafe mu?

Sojojinmu ba sa cikin waɗanda aka yi wa lambar Malesiya, amma tambayar ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Kakanni da yawa a Arewa sun je yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka dawo da mindar Sarkin Ingila, wadda bayan 1960 ta zama lambar wata ƙasa a ƙirjin ɗan Najeriya. Bayansu an yi Kongo a farkon shekarun 1960, an yi Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, inda aka zubar da jinin 'yan Najeriya don wasu ƙasashe su zauna lafiya. Duk ranar 15 ga Janairu ana ganin ragowar waɗannan mutane a wuraren fareti, kuma kukansu galibi na fansho ne da magani, abin da ya fi lamba gaggawa. Wataƙila shi ya sa dambarwar Turawan nan za ta iya yi wa mai karatu a Kano ko Zinder kama da rigimar ƙoshi.

Sai dai duk wanda ya taɓa zama da tsohon soja ya san yadda yake buɗe gwangwanin da ya adana lambobinsa, ya goge su da gefen riga kafin ya miƙo maka. Ba zai fara da labarin albashi ba. Zai gaya maka sunan kogin da suka ƙetare da sunan wanda bai ƙetare ba.

Saurayin da ya sauka Malaya yana ɗan shekara 20 a 1957 yana da 69 lokacin da aka ce ya karɓa kada ya sa. Ranar da aka ba shi izini yana da 74. Waɗanda suka rasu a cikin shekaru biyar ɗin nan, iyalansu ne suka gaji lambar a cikin ƙaramin akwatin da ta zo da shi daga Kuala Lumpur.